Na yi allura uku amma korona ta kama ni sau biyu: ko akwai amfanin a sake yi wa Mma?

"Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Kejetia da ke Kumasi a Ghana, ina zaune a unguwar Aboabo, shekarata 38. A 2021 na yi allurar korona ta AstraZeneca sau biyu, a 2022 aka ƙara mini ta Pfizer. Duk da haka cutar ta kama ni har sau biyu, gwaji ne ya tabbatar. Yanzu Mma, mahaifiyata, mai shekara 71, tana da ciwon suga da hawan jini, tana shirin tafiya aikin Hajji, kuma nas ɗin da ke duba ta ta ce ta sake yin allurar. Rabonta da yi tun 2022. Ana ta cewa ƙwayar cutar kullum rikiɗa take yi. To mene ne amfanin allura ga abin da ba ya tsayawa a kama ɗaya? Ni ma sai na sake yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Mma lafiya, ya kai ta ya dawo mana da ita. Abu biyu ka tambaya a dunƙule: me ya sa allura ba ta hana ka kamuwa ba, kuma in ba ta hana kamuwa, me za ta tsinana wa dattijuwa mai suga? A taƙaice, nas ɗin ta yi daidai game da Mma. Kai kuwa buƙatarka ba ta kai tata ba ko kusa. Dalili shi ne allurar aiki iri biyu take yi a jiki. Akwai hana cutar shiga, akwai kuma hana ta kayar da mutum bayan ta shiga. Na farkon ba ya daɗewa, kuma rikiɗar ƙwayar cuta na karya shi da sauri. Na biyun ya fi ƙarko, shi ne kuma wanda ran Mma ya dogara a kai.

Abin da ke rikiɗa

Ƙwayar korona tana ɗauke da rubutun halittarta mai haruffa kusan 30,000. Duk lokacin da ta shiga jikin mutum sai ta sa a kwafe wannan rubutu sau miliyoyi, kuma mai kwafa da yawa haka dole ya yi kuskure nan da can. Yawancin kurakuran ba su da wani tasiri, wasu ma nakasa ƙwayar suke yi. Amma jefi-jefi sai kuskure ya faɗa a kan ƙayar da ke bayanta, wadda da ita take maƙalewa a bangon hanci da maƙogwaro ta kutsa ciki. Wannan ƙaya ita ce kusan duk alluran da aka yi a Ghana suka koya wa jiki ya gane.

Jiki yana ƙera wa ƙayar wasu sinadarai da muke kira antibodi. Ka ɗauke su kamar kuben da baduku ya ɗinka wa wuƙa daidai da awonta: in kube ya rufe kaifi, wuƙa ba ta yanka. To in aka sake ƙirar wuƙar, ta lanƙwashe a nan ta ƙara faɗi a can, tsohon kube zai shiga sako-sako, ko ya ƙi shiga. Ƙwayar da tsohon kube bai kama ba ita ke samun damar yaɗuwa a cikin jama'ar da suka riga suka yi allura ko suka taɓa kamuwa, cikin watanni kaɗan sai ta mamaye sauran. Haka aka yi ta samun sababbin nau'o'i: Alfa daga Ingila, Beta daga Afirka ta Kudu, Delta daga Indiya. Sai Omikron, wadda masana a Afirka ta Kudu suka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya ranar 24 ga Nuwamba 2021. Ita ta zo da canji sama da 30 a kan ƙayar kaɗai. Daga lokacin zuwa yau duk nau'o'in da suka yi tashe, irin su XBB da JN.1, zuriyarta ne.

Alluran da ka yi kuwa, har da ta Pfizer ɗin 2022 in irin ta farko ce, an ƙera su ne bisa awon ƙayar da aka fara gani a Wuhan a ƙarshen 2019. AstraZeneca ɗin da ta iso filin jirgin Kotoka ranar 24 ga Fabrairu 2021, guda 600,000, lokacin da Ghana ta zama ƙasa ta farko da ta karɓi kason COVAX, shirin rarraba allurar korona ga ƙasashen duniya, wannan tsohon awon ne a cikinta.

Me ya sa ba ta hana kamuwa kamar allurar ƙyanda

Wannan ne wurin da ya fi rikita mutane, domin mun saba da allurar ƙyanda da ake yi wa yara a wurin awo. Yaro ya yi sau biyu, kusan kashi 97 cikin 100 sun rabu da ƙyanda ke nan har girmansu. Sai mutum ya zaci kowace allura haka take.

Bambancin yana wuri uku. Ƙwayar ƙyanda ba ta iya sauya wuraren da antibodi ke kamawa ba tare da ta lalata kanta ba, shi ya sa allurar da aka ƙera tun shekarun 1960 har gobe tana aiki. Sannan ƙyanda tana ɗaukar kwana 10 zuwa 12 kafin ta bayyana, tana bi ta jini, inda garkuwar jiki ta fi ƙarfi, kuma wannan jinkiri yana ba jiki lokacin tuna abin da aka koya masa ya tare ta. Korona ta farko kwana 5 take yi, Omikron kuwa kamar kwana 3. Ƙwayoyin jiki masu ajiye tunanin cuta suna buƙatar wasu kwanaki kafin su farka su cika jini da sabon antibodi. Kafin su gama shiri, mura da ciwon maƙogwaro sun riga sun fara, gwaji ma ya nuna. Na uku, allurar da ake yi a dantse tana tara antibodi ne a cikin jini, kaɗan ne ke isa majinar hanci, alhali ta nan cutar ke shigowa. Huhu kuwa cike yake da jijiyoyin jini, saboda haka shi ya fi cin moriyar allurar.

Ga kuma lokaci. Antibodi yana kai ƙololuwa mako 2 zuwa 4 bayan allura, daga nan sai ya riƙa raguwa wata-wata. Haka jiki yake yi da kowace cuta, ba lahanin allura ba ne. In yana da yawa ƙwarai, ko kuben bai zauna daidai ba yawan na rufe giɓin. Da ya ragu, rashin dacewar sai ta fito fili.

To me ke hana mutum kwanciya? Rukuni na biyu na garkuwa, waɗanda ake kira ƙwayoyin T. Su ba sa tare cuta a ƙofa. Aikinsu su bi gida-gida a cikin jiki, su gano ƙwayoyin da cutar ta shiga, su hallaka su kafin ta bazu cikin huhu. Ba su dogara da siffar ƙayar gaba ɗaya ba, gutsattsari da yawa suke ganewa, kuma da wuya ƙwayar cuta ta canza su duka lokaci guda. Masu bincike a Cape Town sun auna wannan da Omikron ta ɓullo, suka ga kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na martanin ƙwayoyin T yana nan daram, a daidai lokacin da ƙarfin antibodi ya faɗi warwas. Kamuwarka sau biyu, in ka yi jinya a gida ka tashi ka koma Kejetia ba tare da an sa maka oksijin ba, ta dace da wannan bayani.

Alƙaluman da aka auna

Kowa ya ji an ce Pfizer tana da kashi 95. Ga inda adadin ya fito. An ɗauki mutum sama da 43,000 aka raba su gida biyu, rabi aka yi musu allurar gaske, rabi ruwan gishiri. Cikin mutum 170 da suka kamu da cutar mai alamu, 162 daga ɓangaren ruwan gishiri suke, 8 daga ɓangaren allura. Wato haɗarin ya ragu da kashi 95 idan aka kwatanta. Amma a lura, an bi mutanen ne kimanin wata biyu bayan allura ta biyu, lokacin da antibodi ke kan ganiyarsa, kuma ƙwayar da ke yawo a 2020 ita ce wadda aka ƙera allurar dominta. Adadin gaskiya ne a ranarsa. Kuskuren da aka yi wajen isar da saƙo shi ne barin jama'a su ɗauka haka zai dawwama, kuma ina ganin wannan ya jawo rashin yarda fiye da jita-jitar WhatsApp.

Da Delta ta zo, hukumar lafiyar Ingila ta auna allura biyu ta Pfizer a kashi 88 wajen hana ciwo mai alamu, AstraZeneca kashi 67. Da Omikron ta zo, lissafin ya canza sosai. Allura biyu ta Pfizer ta ba da kusan kashi 65 a makonnin farko, bayan wata shida ta sauko ƙasa da kashi 10. Masu AstraZeneca biyu, irinka, daga mako na 20 ba a ga wata kariya daga kamuwa ba. Da aka ƙara musu Pfizer sai ta hau zuwa wajen kashi 62, sannan ta fara gangarowa cikin wata biyu zuwa uku. Saboda haka abin da ya same ka bai saɓa wa abin da aka auna ba.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. A Afirka ta Kudu, a tsakiyar guguwar Omikron, allura biyu ta Pfizer ta rage kwanciya a asibiti da kashi 70, alhali a lokacin Delta kashi 93 ne. Ta ragu, amma ba ta rushe ba. Ma'aikatan lafiyar ƙasar da aka ƙara wa Johnson & Johnson ta biyu su ma kariyarsu daga kwanciya ta haura kashi 70. Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, aka wallafa a 2023, ya duba waɗanda suka haɗa allura da kamuwa. Bayan wata 12, kariyarsu daga ciwo mai tsanani ta kai kusan kashi 97, amma kariyarsu daga sake kamuwa kusan kashi 42 ce kawai. Wanda kamuwa kaɗai ya yi ba allura, kusan kashi 75 ne daga tsanani. Kai kana cikin rukunin farko.

Akwai wata magana da ake yawan yi a majalisa: ai waɗanda ke kwance a asibiti ma masu allura ne. Yana iya zama gaskiya kuma allurar tana aiki. Ga misalin lissafi kawai. A ce unguwa tana da dattawa 1,000, 900 sun yi allura, 100 ba su yi ba. A ce cikin kowane 100 marasa allura 10 ke kwanciya, masu allura kuwa 2. Za ka tarar da marasa allura 10 a gado, masu allura 18. Mai leƙen ɗaki zai ce masu allura sun fi yawa, alhali haɗarin kowane ɗayansu ya ragu ninki biyar.

Abin da allurar ƙari ke yi, da inda ƙarfinta ya tsaya

Allurar ƙari, wadda ake ce wa busta, tana ɗaga antibodi ya koma sama na wasu watanni. Tana kuma sa ƙwayoyin tunani su ƙara gogewa, su riƙa ƙera antibodi mai kama nau'i fiye da ɗaya, kuma wannan shi ya sa allura ta uku ta yi tasiri a kan Omikron duk da tsohon awo ne a cikinta. Daga 2022 aka fara sabunta awon. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙera bisa XBB, a 2024 bisa JN.1, a 2025 ta ƙara da LP.8.1. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta auna allurar XBB a farkon 2024, ta samu ta rage kamuwa mai alamu da kashi 54 a watannin farko, a cikin jama'ar da yawancinsu sun riga sun yi allura ko sun kamu.

Kada a yi zaton za ta kai kashi 95 na da. Kullum masana'anta na bayan ƙwayar cuta da wasu watanni, domin kafin a zaɓi nau'i, a ƙera, a rarraba, wata jikanyarsa ta fito. Jiki kuma yana da ɗabi'ar komawa ga darasin farko: in ya ga sabuwar ƙaya, yakan fi tayar da tsofaffin ƙwayoyin tunani a kan ya koyi sabo daga tushe. Wannan na rage ribar sabuntawa, bai kashe ta ba. Haka lamarin yake a allurar mura mai zafi, infuluwenza, wadda ake sake haɗa ta sau biyu a shekara, a Fabrairu domin arewacin duniya, a Satumba domin kudanci, kuma a shekarar da aka dace takan rage ciwon da kashi 40 zuwa 60. Mutanen Asokore Mampong da ke gefen Kumasi ba su manta da Disambar 2017 ba, lokacin da infuluwenza nau'in H1N1 ta shiga makarantar Kumasi Academy ɗalibai suka rasu, cibiyar binciken cututtuka ta Noguchi ta tabbatar da cutar, aka bi sauran da magani da allura. Rabin kariya daga cutar da ke iya kisa ba abin rainawa ba ne.

Mma daban, kai daban

Rage haɗari da rabi yana da daraja ne gwargwadon girman haɗarin. Alƙaluman Amurka sun nuna mai shekara 65 zuwa 74 ya fi ɗan shekara 18 zuwa 29 haɗarin mutuwa da korona kusan ninki 60. A ɗora suga a kai, wanda ke raunana garkuwa, kuma da zazzaɓi ya zo sai sugan ya hau ya ƙi sauka, ƙoda ta shiga wahala. Garkuwar dattijo kuma ta fi saurin mantuwa. Shekaru sun shuɗe tun allurarta ta ƙarshe. Sannan ga inda za ta: ɗaki ɗaya da mata da yawa, tantin Mina, cunkoson ɗawafi, zafi, gajiya, rashin barci, da mutane daga kowace kusurwa ta duniya kowa da irin murar ƙasarsa. Duk wanda ya tarbi alhazai ya san tarin da suke dawowa da shi.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2023 ta tafi a kan wannan. Dattawa, masu suga ko ciwon zuciya, huhu ko ƙoda, masu raunin garkuwa kamar masu ƙanjamau da masu shan maganin daji, su riƙa sabuntawa bayan wata 6 zuwa 12 gwargwadon shekaru da nauyin ciwo. Mai juna biyu ta yi sau ɗaya a kowane ciki. A Kumasi ni ina sa masu sikila cikin waɗanda ya kamata su tattauna da likitansu, domin ciwon ƙirji a wurinsu ba ƙaramin abu ba ne. Lafiyayyen baligi mai ƙarancin shekaru wanda ya riga ya yi allura ba a ce ya riƙa maimaitawa a kai a kai ba.

Kai da shekara 38, allura uku, kamuwa biyu, in ba ka da suga, hawan jini mai tsanani, asma ko ƙiba sosai, ribar da za ka samu ƙarama ce. Ba laifi ka yi, musamman in gida ɗaya kuke da Mma, amma kada ka ɗauka allurarka ce za ta tsare ta, domin hana yaɗawar da take yi na ɗan lokaci ne. Abu ɗaya zan roƙe ka: ka auna suganka da jininka. Ɗan mai suga da yawa yana yawo da shi bai sani ba, kuma in an same shi amsata gare ka ta canza.

Wani zai ce ai korona ba ta yi ɓarna a Ghana ba, mutuwar da aka rubuta a hukumance ba ta kai 1,500 ba. Gaskiya ne mun samu sauƙi, kuma babban dalili shi ne yawancinmu matasa ne, masu shekara 65 zuwa sama ba su kai 5 cikin 100 ba. Gwajin ma bai isa ko'ina ba. Matsakaicin lissafin ƙasa ba ya kare wadda ta faɗa cikin wannan kason 5 ɗin. Alƙaluman da na kawo kuma daga Ingila, Amurka da Afirka ta Kudu suke, inda shekarun jama'a da tarihin kamuwarsu suka bambanta da namu. Kada ka riƙe su a matsayin adadin Aboabo daidai wa daida. Abin da ya maimaitu a ko'ina shi ne tsarin: kariya daga kamuwa ta gushe da wuri, kariya daga kwanciya ta jima.

Yadda za a yi wa Mma

Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi mata allurar mako 3 zuwa 4 kafin tashi, mafi ƙaranci mako 2, domin ƙololuwar kariyar ta faɗo a kwanakin aikin Hajji. In an yi wata biyar kafin tafiya, mafi kyawun lokacin ya wuce tana gida. In ta kamu da korona kwanan nan, ana iya jinkirtawa kamar wata 3, domin kamuwar ta riga ta tayar da garkuwar. In tana zazzaɓi ranar, a bari ta warke. 'Yar mura ba ta hanawa.

Ku je da tsohon katinta da duk magungunan da take sha, a ledarsu. Ku tambayi ofishin lafiya na gundumarku inda ake yi a yanzu, domin ba kamar 2021 ba ne da ake kafa tebur a kasuwa da bakin masallaci. Ku tambayi wace iri ce kuma nau'in da aka ƙera ta dominsa. In sabuwa ta samu, madalla. In ba ta samu ba, kada a fasa ana jiranta, wadda ke hannu muddin ba ta wuce wa'adi ba tana ƙara kariya daga tsanani. Ba dole sai irin wadda ta yi a baya ba. AstraZeneca ma kamfanin ya janye ta daga kasuwa a 2024.

Ta nemi allurar infuluwenza ita ma, ana iya yin su rana ɗaya, kowace a dantse daban. Ta sanƙarau wajibi ce ga mahajjaci, aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya. Ta zazzaɓin shawara sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma in Mma ba ta taɓa yi ba, likita ya duba ta tukuna, domin ga wanda ya haura 60 karo na farko yana buƙatar taka-tsantsan. Sharuɗɗan Saudiyya kan korona suna canzawa daga shekara zuwa shekara, ku ji na bana daga ofishin alhazai. Kuma don Allah kada a karɓi kati daga wanda zai buga hatimi ba tare da allura ba. Katin zai wuce filin jirgi, amma ba zai bi ta cikin huhu ba.

Akwai abubuwan da ke rage ƙarfin allura tun kafin ta shiga jiki, shi ya sa nake cewa a yi a cibiyar da hukuma ta sani. Irin su Pfizer da Moderna a daskare ake ajiye su, in an narkar sai firji mai sanyin digiri 2 zuwa 8 na ƙayyadadden lokaci, kuma ba a mayar da su cikin ƙanƙara. Kwalbar da aka buɗe awanni kaɗan take da su. In dumso ya ɗauke wuta firji ya ɗumama ba a lura ba, ruwan yana nan a ido amma ƙarfinsa ya tafi. A cikin naman dantse ake yi, ba a ɗuwawu ba, domin kitse ba ya kai ta inda ake so. Daga ɓangaren mai karɓa kuma, wanda ke shan maganin sitiroyid irin su prednisolone ko dexamethasone na tsawon makonni garkuwarsa ba ta amsawa sosai. Tsofaffi da yawa a zango suna shan irin waɗannan daga kemis domin ciwon gwiwa ba su san sunansu ba, kuma suna tayar da suga. Wannan ne dalilin zuwa da ledar magani.

Bayan allura ta zauna minti 15 a wurin, minti 30 in ta taɓa samun mummunan borin jini daga wata allura ko magani. Irin wannan bori mai toshe numfashi yana faruwa ga mutum kaɗan cikin miliyan, kuma yawanci a cikin waɗannan mintuna, inda ake da maganinsa a kusa. In tana shan maganin tsinka jini, a danne wurin minti 2 ko fiye, kada a murza. Ciwon dantse, kasala da ɗan zazzaɓi na kwana 1 zuwa 2 ba abin tsoro ba ne. Farasitamol ya isa, giram 1 duk awa 8, kada ya wuce giram 3 a rana ga mai shekarunta. Ta guji diclofenac da ibuprofen saboda ƙoda da hawan jini. Ta ci gaba da maganin suganta da na jini, a riƙa auna sugan safe da yamma kwana biyu domin yakan ɗan hau. Kumburin tsokar zuciya da aka danganta da Pfizer da Moderna gaskiya ne akwai shi, ba kasafai ba, ya fi samun samari 'yan ƙasa da 30 a kwanakin farko bayan allura, kuma akasari suna warkewa. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko bugun zuciya a wannan mako ya je asibiti. Ana iya kai rahoton duk wata illa ga hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta hannun cibiyar da aka yi allurar.

In duk da haka ta kamu

Za ta iya kamuwa, ku sa wannan a lissafi tun yanzu. Ta tafi da takunkumi mai kyau ta sa a jirgi, a bas da wurin cunkoso, ta kuma sha ruwa sosai. Ku saya mata ɗan ma'aunin oksijin da ake maƙalawa a yatsa, ku koya wa wadda za ta raka ta amfani da shi: yatsa da ɗumi, a jira minti ɗaya adadin ya tsaya. Lalle mai duhu a farce yana iya ɓata karatun, a bar yatsa ɗaya ba lalle. In ya nuna ƙasa da 94 ta ga likita ranar, ƙasa da 90 kuwa gaggawa ce. Haka in numfashi ya kai 30 a minti, ko ta rikice, ko ta kasa ci da sha, ko sugan ya ƙi sauka.

A nan gida, zazzaɓin dattijo kada a yanke masa hukuncin maleriya da ka. A yi gwajin maleriya, in akwai tari ko ciwon maƙogwaro a nemi na korona, domin maganin da ke daƙile ƙwayar, inda ake samunsa, cikin kwana 5 na farko yake aiki, kuma yana karo da wasu magungunan jini da na kitse, sai likita ya duba. Azithromycin da amoxicillin ba sa kashe bairos irin korona. Dexamethasone yana ceton rai ga wanda ya kai ga buƙatar oksijin, amma ga mai ciwo mara tsanani cutarwa yake yi, ga mai suga kuwa abin ya fi muni.

Ban ga Mma ba, ban ga sakamakon ƙodarta da na suganta ba, saboda haka wanda ke riƙe da fayil ɗinta ne zai tsayar da ranar. Ku nemi ganinsa wata biyu kafin tafiya, a yi gwajin da ke nuna matsakaicin sugan wata uku, a auna aikin ƙoda, a daidaita magani, a rubuta mata wanda zai ishe ta har ta dawo, sannan a jera alluran a kalanda.